Komi cike, uwa na ramewa: labarin wata uwar aladu a bayan Harobanda

Bari in fara da abin da na san wani zai tambaya, wai me ya haɗa ka da gursunu. Ni aikin dabbobi na karanta a Kollo, kuma ran da aka ba mu takarda ba a ce mana ban da alade ba. Ba na ci, ba na kiwo, amma in an kira ni ina zuwa in duba in dawo in yi wanka. A nan Yamai akwai masu kiwonsu, yawanci Kiristoci ne, ƴan ƙasa da kuma baƙi daga Benin da Togo da Burkina, can bayan gari inda ba za su takura ma maƙwabta ba. Kuma abin da ya samu wannan dabbar shi ne ke samun akuyar gidanku mai ƴan biyu, sai dai ita alade goma take shayarwa, shi ya sa abin ke saurin fitowa fili.

Mai garken dattijo ne, tsohon direba, ina ce mishi Baba shi kuma yana ce mini lokotoro. Uwaye uku gare shi da namiji guda da wasu samarin aladu da yake turkawa. Wadda ake magana a kai fara ce, jinin aladun turawa da ake kira Large White gauraye da na gida, kuma cikin fari ne. Na fara ganinta wajen sati biyu kafin ta haihu, na je yi mata allurar ivermectin saboda ƙazuwa da tsutsar ciki. Tunda babu sikelin da zai ɗauke ta sai na yi abin da muka saba, metir ɗin tela: ka auna zagayen ƙirji dab da bayan ƙafafun gaba, ka auna tsawo daga tsakanin kunnuwa zuwa gindin wutsiya, sai ka buga zagaye sau zagaye sau tsawo sau 69.3, duk a mita, ya ba ka kilo. Ƙirji 1.35, tsawo 1.25, ya fito wajen kilo 158. Na rubuta a kaye.

To ga inda na yi nawa kuskuren. Dabbar nan ta yi ƙiba sosai, na danna tafin hannu a ƙugunta da ƙarfi ban ji ƙashi ba, in a ma'aunin ƙiba ne na 1 zuwa 5 to tana kan 4, alhali 3 ake so. Maimakon in yi magana sai na ce "kai Baba, wannan kam ta sha kiwo", ya yi dariya ya ce ai tunda ta ɗauki ciki bai taɓa barin kominta ya bushe ba. Na hau moto na tafi abina. Na san karatun fa, amma ranar ina sauri, kuma ka san yadda yake da nauyi ka ce ma dattijo ya rage ma dabbarshi abinci.

Ta haihu farkon Afrilu, 11, ta kwanta kan ɗaya ya mutu saura 10. A kwana na 19 ya kira ni, ya ce lokotoro zo ka gani, ba ta son tashi kuma abinci sai ta shinshina ta juya.

Na haye gadar Kennedy zuwa Harobanda wajen ƙarfe biyu na rana, wanda ya san Yamai a Afrilu ya san me nake nufi, sama da digiri 40 a inuwa. Ɗakin nata rufin tol ne gajere, bango ta ko'ina, iska ba ta ratsawa. Na rataye ma'aunin zafi a ƙusa, kafin in gama gaisawa ya hau 43. Tana kwance a gefe baki buɗe tana haki, na ƙirga numfashi ya wuce 70 a minti guda, wanda ya kamata a ce bai wuce 30 ba. Wallahi da ba don tabon kunnenta ba da sai in ce an canza dabbar. Ƙashin baya ya fito kamar tsinin rufin ɗaki, haƙarƙari ana ƙirgawa daga bakin ƙofa, gindin wutsiya ya lotsa, sannan ga gyambo ya fara a kafaɗar da take kwanciya a kai, don kitsen da ke tare ƙashi daga siminti ya tafi.

Abu na farko da na nema shi ne ciwo, saboda uwa mai jego da ta ƙi ci sai ka fara zargin hantsa ko mahaifa. Zafin jiki 39.4, a irin wannan rana ba zan kira shi zazzaɓi ba. Hantsa da laushi, babu inda ya yi tauri ko ja, babu ruwa mai wari ta baya, idonta da dasashinta lafiya. Na sa metir: ƙirji 1.18, wato wajen kilo 121. In ka cire ƴaƴa da mabiyiya da ruwa daga 158 ɗin can, ta tashi daga haihuwa da kamar 142. Kenan cikin kwana 19 ta zubar da kilo 20 da ɗoriya, wajen kashi 15 cikin ɗari na jikinta. A wannan aikin in uwa ta wuce kashi 10 a duk tsawon shayarwa an san za a ji a gaba, ita ko sati uku ba ta cika ba.

Ƴaƴan fa? Suna nan suna ta tsalle, suna rububin nono. Na ɗauki uku na sa a buhu na rataya a ƙaramin sikeli, kowane wajen kilo 3 da rabi. Ba su kai yadda ake so ba amma ba wanda zai gansu ya ce yunwa suke ji. Kuma wannan ne ya ruɗi Baba, ya ce "to lokotoro in abinci ne bai isa ba ai da nono ya ƙafe, ka ga yaran nan ƙalau". Na ce Baba ai daga jikinta take yanka tana ba su.

Sai muka zo kan abinci. Ya ce tiya biyar na dusa kullum, ta gero da ta shinkafa, a dama da ruwa, a zuba ragowar abincin da yaro ke karɓowa a gidajen tuwo. Tiya biyar a kunne abu ne mai yawa, don mutum yana tuna tiyar gero mai kilo biyu da rabi. Na ce a ciko mini tiya guda, na ɗora a sikeli, ko kilo ɗaya bai cika ba, kuma da na watsa a tafin hannu na hura sai ga ɓuntu yana tashi, masu saidawa sun gauraya. To biyar ɗin ma kilo 4 da rabi ne. Ina cikin lissafi sai matarshi da ke tsaye bakin zana ta ce "lokotoro, kar ka lissafa duka, rabi take ci, da yamma sauran ya yi tsami mu kwashe mu zuba ma samarin". Baba ya juya ya kalle ta, ashe shi bai taɓa sani ba, shi dai yana sayen dusa yana ganin buhu na ƙarewa. Lokacin ba ta abincin kuma ƙarfe goma na safe da ƙarfe huɗu na yamma, daidai lokacin da tol ya ɗau wuta. Ruwa bokiti biyu a rabin taya da ke cikin rana, na tsoma yatsa, ka ce na wankan jego ne.

Yanzu ga lissafin. Ɗan alade yana buƙatar wajen kilo 4 na nono kafin ya ƙara kilo ɗaya. Waɗannan suna ƙara kamar giram 120 a rana kowane, su goma, kenan uwar tana fitar da nono kusan lita 5 kullum, kuma nonon alade ya fi na saniya kauri, kitsenshi ya kusa ninki biyu. Ƙa'idar da ake koya mana mai sauƙi ce: kilo 2 don ita kanta, sai kusan rabin kilo kan kowane ɗa. Manyan turawan aladu da ƴaƴa goma sai kilo 6 zuwa 7, wannan tunda gauraye ce kuma ba ta kai su girma ba in ta samu kilo 5 na abinci mai kyau ya yi. Tana cin kilo 2 da kaɗan, na dusa mai ɓuntu. Ko rabin buƙata bai kai ba.

Abin da ke faruwa a cikin jiki shi ne ya fi ba ni sha'awa a wannan lamarin. Jikin uwa mai shayarwa hantsa yake fara sallama kafin kowa. Sukarin da ke cikin jini mafi yawanshi can yake tafiya don a yi sukarin nono, kuma shi ke jawo ruwa ya cika hantsa. In abinci bai shigo ba insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, sai ya sauka, saukar tashi kuma kamar buɗe rumbu ne, kitsen baya ya fara narkewa yana shiga jini, hantsa ta kwashe ta zuba a nono. Shi ya sa uwar da ke ramewa nononta wani lokaci ya fi maiƙo. Amma kitse ba ya zama furotin, kuma ba ya zama sukari sai ɗan kaɗan, to furotin ɗin nono daga ina? Daga tsoka. Jiki ya dinga warware naman cinya da na gadon baya, wani a yi nono da shi wani hanta ta maida shi sukari, ragowar ya fita a fitsari. In aka ɗibi jinin irin wannan uwar abin da ake gani kenan, narkakken kitse ya hau, insulin da IGF-1, wani sinadarin girman jiki, sun sauka. Ƙashi ma bai tsira ba, don dusa tana da fosfora da yawa amma kalsiyam kaɗan, nono kuma sai da kalsiyam, sai a dinga zara daga ƙashinta, shi ne za ka ga uwa bayan yaye ta kasa miƙewa ko namiji ya hau ta ta durƙushe. Ga shi kuma wannan haihuwarta ta fari ce, ita kanta ba ta gama girma ba.

Sai maganar ƙibar can da na yaba. Uwar da aka cika ma ciki lokacin da take ɗauke da ciki, bayan haihuwa ba ta cin kirki, wannan an sha gwadawa an gani. Kitse mai yawa yana sa jiki ya daina jin insulin sosai, kuma shi kitsen yana fitar da wani sinadari, leptin, da ke gaya ma ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Kenan Baba ya kashe kuɗinshi a wata huɗun da kilo 2 zuwa 2 da rabi ya ishe ta, sannan a watan da take buƙatar ninki biyu bakin ya rufe.

Zafi kuma shi ya ƙarasa ta. Alade kusan ba ya gumi, haki da kwanciya cikin taɓo su ne fankarshi. Uwa mai shayarwa ta fi jin daɗi in zafi bai wuce digiri 22 ba, abin da mu nan sai cikin hunturu muke gani. Wasu masu bincike na INRA, cibiyar binciken noma ta Faransa, Quiniou da Noblet, a 1999 sun ajiye uwaye a ɗakuna masu zafi daban-daban, waɗanda ke digiri 18 suna cin sama da kilo 5 da rabi a rana, na digiri 29 kuwa wajen kilo 3. Digiri 29 fa, wanda mu a Afrilu sai wajen asuba muke samunshi. Dalili shi ne narkar da abinci kanshi yana haifar da zafi a jiki, kuma abinci mai ƙaiƙayi irin dusa ya fi kowane, maiƙo kuma ya fi kowane sauƙi. Dabbar ba wauta take ba da ta ƙi ci, tana gudun ƙara ma kanta wuta ne.

Ban yi mata allurar komai ba sai bitamin, na wanke gyambon na fesa magani na ce a shimfiɗa mata tsohon buhu. Baba bai so haka ba, shi a wurinshi in likita bai soka antibiyotik ba bai yi aiki ba. Sauran aikin duk na gida ne. Muka jera zana biyu a kan tol da ɗan tazara, muka fasa bulo huɗu a bangon baya don iska ta ratsa. Muka huda bido muka rataye shi yana ɗiga mata a wuya da kafaɗa, ba a jiƙa ɗakin duka ba saboda yaran, su ɗumi suke so kuma jiƙaƙƙen ƙasa na kawo musu zawo. Ruwan sha ya koma tano a inuwa, na ce kar komin ruwa ya bushe dare da rana, don mai shayarwa tana shan lita 25 zuwa 30, a bazara har 40, kuma wadda ba ta sha ba ba za ta ci ba. Abinci ya koma sau huɗu kaɗan-kaɗan: da asuba, wajen ƙarfe takwas, bayan magariba, da kuma sha ɗayan dare, abin da ya rage bayan rabin awa a kwashe a wanke komi.

Haɗin da na rubuta musu a kan kilo 10: masara niƙaƙƙiya 6, dusar alkama 1 da rabi, tunkuza 1 da rabi, garin busasshen kifi giram 600, garin ƙonannen ƙashi 150, gishiri 50, man gyaɗa 200. Wannan yana ba da furotin wajen kashi 17 zuwa 18 cikin ɗari. Kifin ba ado ba ne, masara da gyaɗa duk suna da ƙarancin lizin, wani ɓangare na furotin, kuma shi ne abin da ke fara yankewa wajen yin nono. Na ja kunnensu kan abu uku. Tunkuza in ta yi fumfuna a zubar. Ƙulin auduga da ake saida ma masu shanu da tumaki a Turaku kar a ba ta, gubar gosifol da ke ciki tumbin saniya na iya da ita, cikin alade ba ya iyawa. Ragowar gidan tuwo kuma a tafasa ta awa guda kafin a zuba, saboda annobar aladu ta Afirka ta nan take shiga garke kuma ba ta da magani.

Da ya ji masara kilo 6 sai ya ajiye takardar. Ya ce "ɗana, tunda aka rufe iyakar Benin a 2023 ka san yadda masara ta koma, mutane ma ba su samu ba in ba alade?" Kuma gaskiyarshi. Mun daɗe a kan wannan, har Mama, matar tashi, ta kawo shawarar da ta fi tawa: a saida samari biyu, kuɗin a sayi masarar, kuma haɗin nan uwa mai shayarwa kaɗai za a ba, sauran su ci gaba da dusarsu. Aka tsaya a haka.

Ba a tula mata gaba ɗaya ba, rabin kilo ake ƙarawa kullum. Cikin sati ta kai kilo 4, kuma nan ta tsaya, biyar ɗin da nake so ba ta taɓa kaiwa ba, yawanci ma abincin asuba da na dare take cinyewa tas. Yaran aka keɓe musu lungu da katako ana zuba musu nasu su fara koyo. Baba ya saba yaye a wata biyu, na ce wannan karon a'a, manya huɗu aka cire a kwana 28, sauran shida a kwana 35. Ran yaye na sa metir, 1.17, wajen kilo 119. Ba ta ƙaru ba amma zubewar ta tsaya, gyambon ya bushe, tana tashi da kanta.

Bashin sai bayan yaye ya fito. Uwa mai lafiya kwana 4 zuwa 7 bayan an cire yara take neman namiji. Wannan sati ɗaya shiru, biyu shiru, kullum ana kai ta bakin ɗakin namijin tana wucewa kamar ba ta ganshi ba, sai a kwana na 23 ta tsaya. Dalilin yana komawa can baya: in insulin da IGF-1 sun yi ƙasa, ƙwaƙwalwa tana rage sakin wani sinadari, LH, wanda shi ke sa ƙwayayen haihuwa su girma, kuma ƙwayayen da za su zama ciki na gaba tun a satin ƙarshe na shayarwa suke fara nuna. In sun taso cikin yunwa sukan fito kaɗan kuma marasa ƙarfi, wasu ko an yi barbara ba sa kamawa. Na ce ma Baba ya bar wannan zagayen ya wuce, a ƙara mata kwana 21 ta maida jiki sannan a haɗa su. Ya ce kwana 23 yana ciyar da ita a banza, ba zai ƙara 21 ba. Aka yi barbara. Bayan wata uku da sati uku da kwana uku, ƙarshen Satumba, ta haifi 7.

Ƴar uwarta da suka fito ciki ɗaya ta haihu a Agusta. Ita tun tana da ciki na sa aka tsaya a kilo 2 da kaɗan, Mama ce ke aunawa da sikeli ba da tiya ba, bayan haihuwa aka dinga ƙarawa har ta wuce kilo 5. Ta yaye tara, ƙirjinta santimita 4 kawai ya ragu, kwana 6 ta nemi namiji. Baba yana ta yabon haɗin, ni kuma na ce mishi rabin yabon na damina ne, don dabbar da ta shayar a Agusta ba a haɗa ta da wadda ta shayar a Afrilu.

Wannan ne ya kai mu gardamar da har yau ba mu gama ba. Ni na ce a daina barbara daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, don duk cikin da aka ɗauka a lokacin a tsakiyar bazara zai sauka. Shi kuma ya ce ɗan da aka haifa a Afrilu shi ke cika wata takwas daidai Kirsimeti, lokacin da masu saye ke zuwa har gida ba sa ko taya kuɗi. Zuwana na ƙarshe na tarar ya dasa dogon yaro biyu a yammacin ɗakin, ya ɗaga tol ɗin sama da bulo uku, namijin kuma yana nan a ɗakin da ke manne da na farar, kuma Disamba saura sati biyu.